Abin da Ban Faɗa Miki Ba a Kan Zaren Nan

Germantown,
ranar Lahadi bayan la'asar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sa kin sauka lafiya, kin dace da ɗaki mai kyau da maƙwabta nagari. Abbanki da ƙannenki duk suna gaishe ki.

Yanzu da nake rubutun nan kina sama kina ɗaure kwalaye, ina jiyo ƙarar salatif ɗin da kike ja. Ranar Laraba za ki kama hanya zuwa jami'ar da ta ɗauke ki digiri na uku a kimiyyar sinadarai, tafiyar yini guda cur a mota. Zan cusa wasiƙar cikin kwalin tukwane, ƙarƙashin kuka da daddawa, don na san ba za ki buɗe shi ba sai kin gaji da abincin kanti. Lokacin nan ne nake so ki karanta.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san kina ji sarai, amsawa ce kawai kike yi da Turanci. Ki bi a hankali, kalmar da ta shige miki duhu ki tambayi Abbanki. Turanci harshen aikina ne, da shi na saba kare kaina a wurin taro, abin da zan faɗa miki kuwa ba na kare kai ba ne.

Kin taso kina jin mata a masallaci suna nuna ni suna cewa, "Ga Dakta Rabi, wadda ta ƙirƙiro zaren da ake yi wa 'yan kwana-kwana igiya da shi." Gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Tunda kin zaɓi ki bi wannan hanya, ya kamata ki ji ɗaya rabin daga bakina.

Kin san tabon da ke wuyan hannuna na hagu. Kina ƙarama kika tambaye ni, na ce miki man gyaɗa ne ya fantsamo mini ina suyar ƙosai. Ƙarya na yi miki.

A watana na biyu ne a kamfanin da na yi wa aiki har na yi ritaya. Ni kaɗai ce baƙar fata mace a ɗakin gwaje-gwajen, ni kaɗai ce mai mayafi. Sinadarin da muke yin zare da shi ba ya narkewa sai a cikin wani asid mai tsananin ƙarfi, wanda in ya ɗiga a riga sai ya huda ta. Shugabar ɗakin wata dattijuwar Baturiya ce, Misis Helen. Ta tambaye ni ko na taɓa aiki da shi. Na ce ƙwarai. A Zariya na karanta shi a littafi har na haddace halayensa, amma ban taɓa riƙe kwalbarsa ba. Tsoro nake ji kada a ce sun ɗauko 'yar Afirka da ba ta san komai ba. Don haka ban san cewa safar hannun da ke cikin shuɗin kwali ba ta wannan aikin ba ce. Na sa ta, na ɗauki kwalba, ɗigo biyu suka zubo. Kafin in ankara sun cinye robar sun isa fata.

Misis Helen ce ta ja ni da gudu zuwa famfo. Ta riƙe hannuna a ƙarƙashin ruwa tsawon lokaci, ina kuka, rabi don zafi, rabi don kunya. Ba ta yi mini faɗa ba. Sai da ta naɗe ciwon ta dube ni ta ce, "Rabi, da kin ce ba ki sani ba, minti biyar ya ishe ni in nuna miki."

Ummi, za ki shiga ɗakin da kowa yake yi kamar ya san komai. Ba su sani ba, kowa ɓoye nasa yake yi. Ranar da aka tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, da murya wadda za a ji. Matambayi ba ya ɓata. Kuma duk saurin da kike yi, ki sa tabarau da safar da ta dace. Ido biyu kawai Allah Ya ba ki.

Aikin namu, in na sauƙaƙa shi, ga yadda yake. A narkar da sinadarin ya yi kauri kamar zuma. A matsa shi ta wani faranti mai ƙananan huda kamar rariya. Ya faɗa cikin kwamin ruwa ya daskare ya zama zare, a naɗe shi a kwarkwaro. Sannan a kai shi wurin injin ja, wanda yake kama bakin zaren biyu ya yi ta ja har ya tsinke, ya nuna mana nauyin da ya iya ɗauka. Zare muke nema marar nauyi, wanda wuta ba ta narkar da shi da wuri, mai ƙarfin da zai riƙe mutum da wanda ya goyo daga saman bene. Shekara huɗu na yi ina fitar da zaren da ke tsinkewa kamar taliyar da ta dahu.

Mai kula da injin matsa zaren kin san shi. Shi ne tsohon nan da yake kawo mana yakuwa da gauta duk kaka, wanda kike kira Baba Bitrus. Mutumin Pankshin ne. Ya yi shekaru a wata masaƙa a Kaduna kafin a rufe ta, sannan ɗansa ya ɗauko shi zuwa nan. Ba shi da digiri, amma ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, kuma tun kafin in gama firamare yake harkar zare. Ranar da ya fara jina ina waya da Hausa, ya tsaya a bakin ƙofa yana dariya ya ce, "Ashe 'yar gida ce!" Tun daga nan ya riƙe ni kamar ƙanwa. Shi yana ce mini Dakta, ni ina ce masa Malam Bitrus.

Wata Litinin cikin tsananin sanyi, na'urar da ke ɗumama ruwan kwamin ta lalace, ruwan ya yi sanyi ƙarara. Malam Bitrus ya riga ya kunna inji, sai ya bar shi ya ci gaba. Da ya ga zaren ba ya tsinkewa, sai ya ƙara gudun naɗin da kansa don ya ga iyakarsa. Da hantsi ya leƙo ofishina.

"Dakta, zaren yau daban yake. Zo ki ji yadda yake kuka in an kaɗa shi da yatsa."

Ban ko ɗago kai daga takarduna ba. Na ce, "Malam Bitrus, ba da kunne ake auna zare ba. Ruwan bai kai zafin da aka rubuta ba. A zubar, a jira mai gyara."

Ya ce, "To, Dakta."

Bai zubar ba. Kwarkwaro shida ya adana a cikin durowarsa, kowanne ya liƙa masa takarda ya rubuta rana da sanyin ruwan da gudun naɗin. Bayan wata biyu manaja ya kira ni ya ce in ba a ga wani abu ba kafin bazara, za a rufe aikin. Na dawo na zauna na haɗa kai da gwiwa. Sai ga Malam Bitrus da kwarkwaronsa a cikin leda.

"Ba abin da za su rage ki da shi," in ji shi. "Ki ja guda ɗaya mu gani."

Na ja ne kawai don kada in sake gwale dattijo. Lambar injin ta yi ta hawa, ta wuce inda zarena yake tsinkewa, ta wuce inda na taɓa mafarkin kaiwa, har zaren ya sulluɓe daga bakin injin bai tsinke ba. Na ce injin ne ya lalace. Na sake ɗaurawa na ja na biyu, na ja na uku, har na shida. Da na gama, na zauna daɓas a ƙasa da farar rigar aikina. Shi kuwa ya cire hularsa ya ce, "Mun gode wa Allah."

Ba zan rage wa kaina ba. Shekara guda na yi kafin in gane dalilin da ya sa sanyi da saurin ja suke jera ƙwayoyin zaren su miƙe sambal, na sake haɗin sinadarin sau ba adadi har ya zama ana iya maimaitawa kullum. Wannan aikina ne. Amma ba ni na fara gani ba.

Da aka zo neman takardar shaidar ƙirƙira, lauyan kamfani ya zaunar da ni ya tambaye ni, "Akwai wani da ya kawo tunani a cikin wannan, ba aikin hannu kawai ba?" Fuskar Malam Bitrus ta faɗo mini a rai ƙarara. Na ce, "Babu." Karo na farko ke nan da sunana zai tsaya shi kaɗai a kan wani abu. Na ji tsoron a ce sa'a ce kawai, ko a ce mai kula da inji ne ya yi mata.

Ranar da takardar ta fito aka yi ɗan biki a ofis. Matar Malam Bitrus, Mama Saratu, ta aiko da gwaten acca cike da kula. Shi kuwa ya je gaban takardar da aka rataye a bango, ya sa tabarau, ya karanta ta daga sama har ƙasa a hankali. Sannan ya juyo ya ce, "Allah Ya ƙara ɗaukaka, Dakta." Bai fasa gaishe ni ba, bai fasa yi mini aiki da kyau ba. Amma bai sake leƙo ofishina ya ce in zo in ji wani abu ba.

'Yata, a kowane ɗakin gwaji akwai mutanen da sunansu ba ya shiga takarda: mai gyaran inji, mai wanke kwalabe, mai kawo kaya. Ki san sunayensu, ki gaishe su kafin ki gaishe da farfesa. In ɗayansu ya ce ki zo ki ga wani abu, ki ajiye abin da kike yi ki je. Kuma in lokacin rubuta suna ya zo, ki rubuta na kowa tun a ranar. Haƙƙin mutum ba ya ruɓewa, yana nan yana jiranki komai daɗewa.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan nauyi, kuma a gidan nan Abbanki kaɗai ya san shi.

Wata ƙungiyar masu sayo wa ma'aikatan ceto kayan aiki ta nuna sha'awar igiyarmu. Aka sa ranar da zan je garin Alexandria da ke nan kusa in gabatar musu da sakamako. Kafin nan muna da gwaji na ƙarshe: a ajiye igiyoyi watanni a cikin akwati mai zafi da laima, kamar damina a cikin rufaffen ɗaki, sannan a ja su. Yawancinsu sun riƙe. Uku suka tsinke da wuri, ƙasa da abin da ya kamata sosai. Saura kwana goma sha biyu taron.

Na ɗauki sakamakon ukun nan na cire su daga rahoton na ajiye a wani wuri daban. Na ce wa kaina ƙila wanda ya ɗaura su ne bai ɗaura daidai ba. Na san ba haka ba ne, don ni na ɗaura su. Kwana tara na yi a haka. Ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa, ina salla ina manta raka'a nawa na yi. Lokacin kina da shekara biyar, na tuna kin kawo mini zanen da kika yi na daka miki tsawa ba gaira ba dalili.

Ranar Juma'a muna cikin mota a kan babbar hanyar 270 za mu masallaci, cunkoso ya tsayar da mu. Abbanki ya kashe rediyo ya ce, "Rabi, kwana nawa ke nan ba kya cikin gidan nan. Me ya faru?" Na gaya masa. Har ina kawo hujja, ina cewa uku ne kawai, kuma mutum goma sha ɗaya ne abincinsu ya rataya a kan wannan kwangila. Motoci suka fara motsi. Sannan ya ce, "Mutumin da ya sayar wa Baba igiya, shi ma yana da iyali."

Ba ki san kakanki ba, ya rasu kafin a haife ki. Haƙar rijiya ce sana'arsa a ƙauyenmu kusa da Giwa. Ina 'yar shekara tara ya sayi sabuwar igiyar rama a kasuwa. Ashe ruwan sama ya jiƙa ta a rumbun mai ita, ta fara ruɓewa daga ciki, ya shanya ta ya kawo kasuwa bai faɗa wa kowa ba. Ta tsinke da Baba ana zura shi cikin rijiya. Allah Ya yi da sauran kwana, amma ƙugunsa ya karye, da sanda ya ƙarasa rayuwarsa, kuma bai sake shiga rijiya ba. Ni na ba Abbanki wannan labari tun muna saurayi da budurwa, na ce masa shi ya sa nake son aikin zare. Ga shi yau ni ce mai shanya igiya.

Na yi kuka har muka isa masallaci. Ranar Litinin da safe na shiga ofishin manaja na ajiye masa sakamakon ukun, na kuma gaya masa kwana nawa na riƙe su.

Ba zan yaudare ki in ce an yaba mini ba. Kwangilar ta tafi wani wuri. An sallami mutum biyu daga sashenmu, ɗaya wata yarinya ce da ba ta daɗe da haihuwa ba, ta kwashe kayanta ta wuce ta gaban teburina ba ta dube ni ba. Har yau ina tunaninta. Shekara ɗaya da rabi muka yi kafin mu gano cewa ragowar asid ne yake maƙalewa a cikin zaren, in ya sha laima sai ya riƙa cinsa daga ciki. Muka tsawaita wankin, muka sake komai. Igiyar da ake amfani da ita yau, wadda matan masallaci suke yabona a kanta, ita ce ta bayan gyaran.

Ummi, wata rana sakamako zai fito wanda ba kya so, ga farfesa yana jira, ga shekara biyu kin zuba a ciki. Zuciyarki za ta kawo miki dalili goma masu kyau na cire shi, kuma duk za su yi kama da hankali. Kada ki kwana da shi ke kaɗai. Ki rubuta shi a littafin aiki da biro, ki nuna wa wani a ranar. Gaskiya za ta iya jawo miki asara, ta jawo wa wasu ma, na gani da idona. Amma a ƙarshen duk abin da muke yi a ɗakin gwaji akwai wani mutum da ba ki sani ba, wanda zai ɗora ransa a kai don ya yarda da ke.

Da gyaran ya kammala, aka sa ranar gwada shi a babbar masana'anta. A daidai lokacin yayata ta bugo waya daga gida ta ce jikin Inna ya yi tsanani. Innata ke nan, wadda kika ci sunanta. Na ce a ba ta wayar. Muryarta ta yi ƙasa sosai.

Na ce, "Inna, sati biyu kawai. Da an gama gwajin nan zan taho."

Ta ce, "Yi aikinki, Rabi. Ina za ni? Ina nan. Yaya takwarata?"

Na ce kina lafiya, kin shiga aji biyu. Ta yi dariya ta ce a shafa mata kanki.

A kwana na tara ta rasu. Ina tsaye a filin ajiye motoci na masana'antar, da hular kwano a kaina, aka gaya mini. Gwajin ya yi kyau, kowa yana murna a ciki. Da na isa gida an riga an yi sadakar uku. Daga baya na gane cewa da na ce a ɗaga gwajin da wata guda, ba wanda zai mutu. Ban ko tambaya ba. Na ɗauka in na matsa, komai zai rushe.

Ki ji wannan da kyau, don ya shafe ni da ke. Uwa ba ta cewa ɗanta ya bar aikinsa ya zo. Ni ma ranar da jikina zai ƙi, abin da zan ce miki ke nan: ki yi karatunki, ina nan. Kada ki yarda da ni. Ki kira Abbanki ko ƙannenki ki tambaye su gaskiya. Gwaji ana sake shi.

Da na dawo daga ta'aziyya na zauna na tambayi kaina, wa kuma nake ce wa sai an jima? Sunan Malam Bitrus ne ya fara zuwa. Lokacin ya yi ritaya, yana zaune da Mama Saratu a Largo. Wata Asabar da rana na ce wa Abbanki ya raka ni. Muka same shi a bayan gida yana ba shukokinsa ruwa a cikin bokitai. Ya yi mini gaisuwar Inna, muka shiga falo. Maimakon in zauna a kujera sai na durƙusa a gabansa.

"Subhanallahi, Dakta, tashi! Me ya yi zafi?"

Na ce ba zan tashi ba sai na gama. Na gaya masa tambayar da lauya ya yi mini da amsar da na bayar. Na ce na ci haƙƙinsa ina sane, na zo neman gafara.

Mama Saratu tana tsaye a ƙofar kicin da faranti, ta kasa gaba ta kasa baya. Can Malam Bitrus ya ce, "Na san kin sani. Abin da ya yi mini ciwo ke nan. Da mantuwa kika yi, da ban damu ba, mutum ajizi ne. Amma na san irin kanki, ba kya mantuwa."

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "Na yafe tun tuni, don ba zan iya zuwa coci da abu a ƙirji ba. Sai dai yafewa daban, jin daɗi daban. Yau na ji daɗi." Ya share ido da bayan hannu. "Ni ba na neman komai. Amma in ana iya gyarawa, ina so jikokina su ga cewa kakansu ba maɓalli kawai ya yi ta dannawa a ƙasar nan ba."

Ana iya gyarawa, ashe. Ya ɗauki watanni, sai da na rubuta da hannuna cewa bayanina na farko bai cika ba, kuma wasu a kamfanin sun canza mini fuska. Na kai musu takardun nan shida da ya liƙa a kwarkwaro, don na adana su duk shekarun nan, abin da ya nuna miki cewa zuciyata ba ta taɓa kwanciya ba. Yau sunansa yana kusa da nawa. In kin zo hutu ki je ki gaishe shi, ƙafarsa ba ta kai shi nisa yanzu. Ki ce ya nuna miki takardar, zai ji daɗi.

Darasin a nan gajere ne. In kin yi wa mutum laifi, ki je da ƙafarki tun yana raye, ki faɗi laifin da sunansa, kada ki ce "in na ɓata maka".

Saura naki.

Kina aji shida aka yi gasar kimiyya a makarantarku. Kika gwada ƙarfin zaren ɗinki da zaren kitso da na saƙa, kina rataya musu ƙaramin bokiti kina zuba tsakuwa har su tsinke. Ba ki nemi taimakona ba, ni ma ban tambaya ba. Na iso a makare daga wurin aiki, na tarar an liƙa miki kyautar na biyu a allonki, kina tsaye da ƙawarki da malamarku kina ta murmushi. Na dubi allon. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Ba ki rubuta ma'aunin nauyin a jikin zanen ba. Giram ne ko me?"

Na ga yadda fuskarki ta sauka. Kika cire kyautar kika ninke ta kika sa a aljihu. A mota kika ce mini da Turanci, "Mama, ko sau ɗaya ba za ki ce na yi ƙoƙari ba?" Ni kuma na ce miki gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Daga nan ba ki sake nuna mini aikin makaranta ba. Ko takardar ɗaukarki a jami'ar nan, Abbanki kika fara nuna wa.

Na daɗe ina fakewa da al'ada. Ke ce 'yar fari, a wurinmu kuwa uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane. Amma Inna ma tana da kunya, duk da haka takan ɓoye wa yayata tsokar nama a ƙarƙashin tuwo, kowa a gidan ya san abin da take nufi. Ni ban ba ki yabon ba, ban kuma ɓoye miki naman ba. Na ɗauko idon da nake duba rahoto da shi na kawo gida na ɗora a kan yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya.

To ga abin da na gani a allon nan ban faɗa ba. Kowane zare sau biyar kika gwada shi, ba wanda ya ce ki yi haka. Akwai gwaji ɗaya da ya saɓa wa sauran, ba ki goge shi ba, kika zagaye shi da jan biro kika rubuta a gefe cewa ba ki san dalili ba. Na tsaya a gaban wannan jan biron zuciyata ta cika, don kin yi a shekara goma sha ɗaya abin da ni na kasa yi ina da digiri uku. Da muka koma gida na same Abbanki a kicin na ce masa, "Yarinyar nan ta fi ni." Shi na gaya wa. Ke ya kamata in gaya wa.

Aikinki ya yi kyau, Ummi. Ina alfahari da ke, tun ranar nan har yau, kuma da kin zaɓi wata hanya daban ba wannan ba, da haka zan ce. Ki yafe mini.

Shawarar da zan ba ki a nan ita ce, wata rana ke ma za ki sami ɗalibai, in Allah Ya so ki sami 'ya'ya. In suka kawo miki abin da suka yi, ki fara faɗin abin da ya yi kyau, da baki, su ji. Gyara ba ya guduwa.

Ki riƙe salla a kan lokaci ko da gwaji yana kan wuta, ki nemi wanda zai duba miki na minti goma. Ki ci abinci mai zafi ko sau ɗaya a yini. Ki nemi 'yan'uwa a garin, Musulmi da Kirista, duk wanda zai ce miki sannu da harshen gida. Kuma ki riƙa kirana, ba sai kina da labari mai daɗi ba. Ranar da komai ya lalace ma ita na fi so ki kira. Na yi miki alkawari zan saurara har ki kai aya, ba zan gyara miki komai ba sai kin ce in gyara.

Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin wuta da guba da mugun abokin zama. Allah Ya haɗa ki da malamai masu tausayi, Ya buɗa miki abin da ya rufu, Ya sa ilminki ya amfani mutanen da ba za ki taɓa gani ba. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke lafiya. Na yafe miki duniya da lahira.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Rabi